Ka San Da Me Aka Ƙera Wayarka, Amma Ka San Robar Da Ke Jijiyar Majinyacinka?

Tsayar da duk matashin da ka ga dama a Farm Centre ta Kano, ko a kasuwar waya ta garinku, ka tambaye shi da me aka yi jikin wayarsa. Ba zai yi inda-inda ba. Zai gaya maka gilashin Gorilla ne, ya faɗa maka na nawa ne, ya ce gefenta alminiyum ne ko roba, ko kuwa taitaniyum ne irin na iPhone 15 Pro. Idan ka ba shi dama zai yi maka lacca kan bambancin IP67 da IP68. Ni ma ina cikin irin waɗannan mutane, domin aikina ke nan a wannan shafi.

Bara ne na gane iyakar wannan ilimi nawa. Kawuna ya kwanta ciwon ƙoda, aka ce sai an fara yi masa wankin ƙoda cikin gaggawa. Aka miƙo mini takardar kayan da zan sayo, na sheƙa shagon kayan asibiti. Mai shago ya ɗauko robobi iri biyu ya ajiye a gabana, ya ce wacce zan ɗauka? Na duba farashi, na ɗauki mai sauƙi, na biya na fito. Duka-duka bai fi minti uku ba. Aka saka wa Kawu robar a jijiyar gindin cinya. Bayan kwana goma sha wani abu ƙafar ta kumbura suntum, aka yi sikanin, aka ga jini ya daskare a jijiyar. Allah Ya yi da sauran kwana, aka ba shi maganin tsinka jini, aka cire robar, ƙafar ta sace. Ba na ɗora wa kowa laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wayar da nake riƙe da ita a asibitin sai da na yi mako uku ina kwatanta ta da wasu kafin na saya, amma abin da zai kwana cikin jinin kawuna minti uku na ba shi.

Ra'ayina shi ne robar jijiya ita ma na'ura ce, kuma ta cancanci irin ƙwaƙƙwafin da muke yi wa waya. Sai dai duk wanda ya yi ƙwaƙƙwafin da gaske zai tarar da abin da mu masu bibiyar na'urori muka riga muka sani: abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke faruwa a hannu daban.

Wace roba ake magana?

Ba robar fitsari nake nufi ba, ita mafitsara take shiga, ba ta zama cikin jini. Ina magana ne kan siririn bututun da ake zurawa cikin jijiyar jini, wanda ma'aikatan lafiya ke kira kateta. Mafi ƙanƙanta ita ce kanula, wadda kowa ya sani, da ake sa wa a bayan hannu don ƙarin ruwa ko ƙarin jini. Launin kanta ma yana da ma'ana: koriya lamba 18, mai ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24, kuma duk yadda lambar ta hau, haka robar ke ƙara siranta. Akwai kuma doguwa da ake sa wa a babbar jijiyar wuya, ko ƙarƙashin ƙashin wuya, ko gindin cinya, ga masu ciwo mai tsanani. Akwai wadda ake kira PICC, da ake zurawa daga dantse har bakinta ya kai kusa da zuciya, yawanci ga masu karɓar maganin kansa ko allurai na makonni. Sai kuma ta wankin ƙoda, wadda ta fi su kauri, saboda jini mai yawa ne ke fita yana dawowa ta cikinta. Kaurin irin waɗannan ana auna shi da ma'aunin Faransa, inda lamba ɗaya take daidai da kashi ɗaya cikin uku na milimita.

Me ya haɗa jini da roba faɗa?

Cikin jijiya shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda kullum suke fitar da sinadaran da ke hana jini daskarewa. Roba ba ta da wannan baiwa. Da zarar ta taɓa jini, cikin daƙiƙu kaɗan furotin na jini ya fara manne mata. Wani masanin jini ɗan asalin Holan da ya yi aiki a Amurka, Leo Vroman, shi ya nuna a shekarun 1960 cewa furotin ɗin layi suke bi, wasu su riga zuwa, wasu su zo su ture su. A cikinsu akwai fibirinojin, wanda idan ya zauna sai ƙwayoyin platilet, masu aikin toshe rauni, su ɗauka an ji ciwo ne, su taru su manne. Daga nan sai zaren fibirin ya fara saƙa, ya kama jajayen ƙwayoyin jini, gudan jini ya samu. Sau da yawa cikin kwana ɗaya wata 'yar riga ta fibirin ta fara lulluɓe robar, cikin kamar mako guda ta iya mamaye ta.

Akwai wani furotin da ya fi kowa tsanar baƙon abu, ana kiran sa Fakta 12. Labarin gano shi abin sha'awa ne. A 1955 a birnin Cleveland na Amurka, likita Oscar Ratnoff ya ci karo da wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna John Hageman, wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri idan aka zuba a kwalbar gilashi, alhali shi bai taɓa fama da zubar jini ba. Bincike ya nuna ba shi da wannan furotin. Wato Fakta 12 shi ne ke tayar da ƙararrawa idan jini ya haɗu da gilashi ko roba, amma jiki ba ya dogara da shi wajen tsayar da jinin rauni. Shi ya sa har yau masu haɗa magunguna ke ta gwajin maganin da zai danne Fakta 12 da maƙwabcinsa Fakta 11, da fatan hana daskarewa a jikin roba ba tare da an jefa majinyaci cikin haɗarin zubar jini ba. Hageman kuwa, a 1968 gudan jini ne ya toshe masa jijiyar huhu ya rasu, abin da ke nuna hanyoyin daskarewar jini sun fi ɗaya.

Ana danganta wa masanin Jamus na ƙarni na 19 Rudolf Virchow ƙa'idar nan ta abubuwa uku da ke sa jini ya daskare a jijiya: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Kateta na haɗa biyun farko da kanta, domin ta tare hanya kuma ta huda bango tana gogar sa. Na ukun kuma sau da yawa ciwon da ya kawo mutum asibiti ne ke kawo shi: kansa, juna biyu, cutar da ta shiga jini, babbar tiyata, ko sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita.

Illar ba ta tsaya ga toshewar roba ba. Gudan na iya toshe jijiyar ɗungurungum, hannu ko ƙafa su kumbura. Ƙwayoyin cuta na samun maɓoya a cikinsa, su shiga jini. Mafi muni, ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe jijiyar huhu.

Roba suna ta tara

A 1929 wani matashin likita a garin Eberswalde na Jamus, Werner Forssmann, ya zura wa kansa siririn bututu ta jijiyar hannu har ya kai zuciya, ya je ya ɗauki hoton ƙirji don ya kafa hujja. Wannan ya sa ya samu kyautar Nobel a 1956 tare da wasu likitoci biyu. A 1953 kuma Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar zura siririyar waya a jijiya sannan a bi ta kanta da robar, dabarar da ake amfani da ita har gobe. Hanyar shiga ta samu, saura abin da za a shigar.

Robobin farko, irin su PVC da robar da ake leda da ita, suna da tauri, suna gogar bangon jijiya, kuma sun fi jawo daskarewa. Sai Teflon ya shigo, sinadarin nan da Roy Plunkett ya gano bisa tsautsayi a kamfanin DuPont a 1938, wanda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. A 1960 a birnin Seattle, likita Belding Scribner da injiniya Wayne Quinton suka yi bututun Teflon da ke zama a hannun mai ciwon ƙoda, ana haɗa shi da inji duk lokacin wanki. Majinyacinsu na farko, Clyde Shields, ya ƙara shekara 11 a duniya. Kafin wannan, wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya sai dai a jira lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaɓin roba na iya zama bambancin rai da mutuwa.

Bayan nan silikon ya zo da laushinsa, aka yi katetar Broviac a 1973 da ta Hickman a 1979. Sai poliyuritan, wanda shi ya fi yawa a yau. Kowanne da kyansa da aibinsa. Silikon na da laushi, amma ba shi da ƙarfi, dole a yi masa bango mai kauri, don haka ramin ciki ya matse. Poliyuritan ya fi ƙarfi, ana iya yi masa bango siriri da rami mai faɗi, yana shiga da ɗan tauri sannan ɗumin jiki ya tausasa shi, amma wasu nau'o'insa sifirit na lalata su. Faɗin rami ba ƙaramin abu ba ne: a lissafin gudun ruwa cikin bututu, idan ka rage faɗin da rabi, abin da ke wucewa zai koma kashi ɗaya cikin goma sha shida.

An gwada waɗannan a jikin mutane. A 1991 Dennis Maki na Jami'ar Wisconsin ya wallafa gwajin da ya kwatanta kanular Teflon da ta poliyuritan, sama da guda dubu, aka ga ta poliyuritan ta rage kumburin jijiya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Don haka duk wanda ya ce maka roba duk roba ce, bai san tarihin ba.

Ba girin-girin ba, ta yi mai

A nan ne zancen ya fara kama da kasuwar waya. Tunda aka kai matakin poliyuritan da silikon masu kyau, kamfanoni suka koma gasar shafe-shafe. Wannan ya ce ya shafa wa tasa hefarin, maganin tsinka jini. Wancan ya ce tasa ruwa da furotin ba sa kama ta. Wani ya ce tasa na ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tunanin ba baƙo ba ne a gare mu. Tun iPhone 3GS ta 2009 ake shafa wa fuskar waya sinadarin da ke hana maiƙon yatsa zama. Ka kuma san yadda take ƙarewa: watannin farko santsi kamar me, daga baya sai shatin yatsu ko'ina.

A ɗakin gwaji wasu dabarun na da ban mamaki. Masana a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Joanna Aizenberg, sun kwaikwayi wata shuka mai siffar tulu da ƙwari ke zamewa su faɗa cikinta, suka fito da shafi mai tsananin santsi a 2011. A 2014 abokan aikinsu suka gwada makamancinsa a bututun da aka haɗa da jinin aladu, ya yi awa takwas bai toshe ba, ba tare da an ba su hefarin ba. Abin a yaba ne. Amma awa takwas a jikin dabba mai lafiya daban, wata uku a jikin mai kansa daban.

Gwajin da ya kamata kowa ya sani shi ne wanda mujallar likitanci ta New England ta buga a Janairun 2025. Farfesa Amanda Ullman da tawagarta a birnin Brisbane na Ostireliya sun raba majinyata 1,098, manya da yara, gida uku bisa ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka sa musu PICC ta zamani da aka ƙera don kada jini ya kama ta, rukuni na biyu mai shafin kilohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta, na uku kuma poliyuritan zalla. Aka ƙirga waɗanda robarsu ta gaza, ko ta toshe, ko ta karye, ko jini ya daskare, ko cuta ta shiga. Ta zamanin nan kashi 5.9 cikin ɗari, poliyuritan zalla kashi 6.1, mai kilohezidin kashi 9.9. Ma'ana, mai tsadar ba ta fi ta gama-gari da komai ba, ɗayar kuma alƙalumanta ne ma suka fi muni.

Za ka ce to ta yaya suka shiga kasuwa? A Amurka yawancin irin waɗannan kayan na bi ne ta hanyar da ake kira 510(k) a hukumar FDA, inda kamfani ke nuna cewa kayansa sun yi daidai da wasu da ke kasuwa tuni. Akwai gwaje-gwajen yadda abu ke mu'amala da jini a ƙarƙashin ƙa'idar ISO 10993, amma ba dole ba ne a yi babban gwaji a jikin dubban majinyata don tabbatar da cewa sabon ya fi tsohon. Kamar makin AnTuTu ne: yana gaya maka wani abu, amma ba ya gaya maka yadda wayar za ta yi a zafin watan Afrilu da caji kashi 15.

Abubuwa uku da suka fi sunan robar tasiri

Na farko kauri. Idan robar ta cika jijiya, jini zai rasa hanyar wucewa ta gefenta, ya tsaya, ya daskare. Ƙungiyar nas-nas masu aikin ƙarin ruwa ta Amurka ta sa a ƙa'idojinta na 2016 cewa kada kaurin kateta ya wuce kashi 45 cikin ɗari na faɗin jijiya. Duk ramin da aka ƙara wa roba, mai biyu ko mai uku, kauri ne aka ƙara. A 2013 Vineet Chopra na Jami'ar Michigan ya tattara bincike 64 a mujallar Lancet, ya nuna PICC na da haɗarin daskarewar jini kusan ninki biyu da rabi a kan katetar da ake sa wa kai tsaye a babbar jijiya. Ba don robarta ta fi muni ba, sai don doguwar tafiya take yi cikin siririyar jijiyar hannu.

Na biyu wuri. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Faransa kan majinyata sama da 3,000, wanda aka buga a 2015, ya nuna jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya ta fi ta wuya da ta cinya ƙarancin daskarewa da shigar cuta, amma ta fi su haɗarin huda huhu wajen sakawa. Ga mai ciwon ƙoda kuma ana guje mata, domin tana iya ƙuntata jijiyar ta lalata hannun da za a buƙata nan gaba. Ka ga ke nan babu amsa ɗaya ga kowa. Inda bakin robar ya tsaya ma na da muhimmanci, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji bayan an saka.

Na uku daɗewa. Kowace rana da roba ta ƙara a jijiya, haɗari ne aka ƙara. Mafi aminci a cikin robobi ita ce wadda aka cire ranar da aikinta ya ƙare.

Idan ana neman na'urar da za ta kawo sauyi a asibitocinmu, ni a ganina ba shafin roba ba ne, ƙaramar na'urar sikanin ce da ake jona wa waya. Philips ya fito da Lumify a 2015, Butterfly iQ kuma ta samu amincewar FDA a 2017 a farashin da bai kai dala 2,000 ba. Da irinta ma'aikaci zai ga jijiyar ƙuru-ƙuru a fuskar waya, ya auna faɗinta, ya huda sau ɗaya maimakon lalube sau huɗu. Kowane hudi da aka rage, rauni ne aka rage wa bangon jijiya.

Inda abin ya shafe mu

A ƙasashen da suka ci gaba, mai ciwon ƙoda ana shirya masa fistula tun kafin wanki ya zama dole. Ƙaramar tiyata ce da ake haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayar da shi a hannu, dabarar da Brescia da Cimino suka fito da ita a New York a 1966. Babu roba a ciki, jikin mutum ne zalla, kuma ta fi kowace kateta ƙarancin toshewa da shigar cuta. Sai dai tana buƙatar makonni shida zuwa wasu watanni kafin ta nuna. Mu a nan akasari sai ciwo ya ci jiki ake zuwa asibiti, don haka da robar wucin gadi ake farawa, sau da yawa a cinya. Robar da aka yi don kwanaki sai ta zarce saboda babu kuɗin wata. Wanda ya san halin da ake ciki a Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, ya san wannan ba labarin Turai ba ne.

Akwai kuma al'adarmu ta ƙarin ruwa a gida. Zazzaɓi kaɗan, a kira mai kemis ya ɗaura ruwa, a bar kanula a hannu kwana da kwanaki don kada a sake sayen wata. Hannu ya yi ja, jijiya ta yi tauri kamar igiya, a ce ai allura ce ta kwanta, a kama murzawa da ruwan zafi.

Wani zai ce wannan aikin likita ne, me ya kai ɗan waya ciki? Akwai gaskiya a maganar. Mun ga waɗanda suka karanta shafi biyu a Google suka zo suna gardama da wanda ya yi shekara goma yana aikin. Ba wannan nake kira gare shi ba. Amma a asibitocinmu mai jinya ne ke zuwa sayen kaya, shi ke kwana a gefen gado, shi ne farkon wanda zai ga hannu ya kumbura da ƙarfe biyun dare lokacin da nas ɗaya ke kula da ɗaki guda. Kuma yawanci matashin gidan mai waya a hannu shi ake turawa. An riga an saka mu a ciki, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Wani kuma zai ce talaka da ke neman kuɗin wanki ina ya ga ta zaɓen roba? Ai sakamakon Brisbane albishir ne gare shi. Ba sai ka ci bashi ka sayi mai shafe-shafe ba. Abin da ake buƙata shi ne sahihiya, wadda ta dace da jijiyar, a hannun wanda ya iya, a cire ta kan lokaci. Uku daga cikin huɗun nan ba a shago ake sayen su ba.

Abin da za ka yi idan jinya ta faɗo kanka

Kafin ka tafi saye, ka ce: "Sista, don Allah rubuta mini girmanta da tsawonta da irin wadda kuke so." Kada ka bari mai shago ya zaɓa maka, kada kai ma ka zaɓa da ka. A shagon ka duba ledar kamar yadda kake duba kwalin sabuwar waya. Ba ta fashe ba, ba ta jiƙe ba? Akwai sunan kamfani, lambar rukuni, da ranar lalacewa kusa da alamar agogon yashi? Akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da kayan asibiti ke ƙarƙashin kulawarta? Alamar 2 da aka soke cikin da'ira na nufin sau ɗaya ake amfani da ita. Ka ɗauki hoton ledar, gaba da baya, ka ajiye.

Ranar da aka saka, ka rubuta kwanan watan a wayarka. Duk zagayen safe ka yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Likita, har yanzu ana buƙatar robar nan?" Idan wankin ƙoda ne mai ɗorewa, ka tambayi yaushe za a yi maganar fistula, kuma wane hannu za a killace daga allurai.

Sannan ka sa ido. Kumburin hannu, wuya, fuska ko ƙafa a ɓangaren da robar take. Ciwo, ja, ko zafi a wurin. Jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a ƙirji ko kafaɗa. Ruwa ya daina tafiya. Zazzaɓi da rawar ɗari, musamman bayan an yi amfani da robar. Ko wanne ka gani, ka faɗa nan take. Hoton wurin da kake ɗauka kullum zai taimaka a ga bambancin jiya da yau. Idan kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, wannan ba na jiran safiya ba ne. Kada ka murza wurin, kada ka yarda a danna ruwa da ƙarfi cikin robar da ta toshe, kada ka zare babbar roba da kanka, kada kuma ka sayo maganin tsinka jini a kemis ka ba shi, domin wanda zai hana daskarewa shi ne kuma ke iya jawo zubar jini.

Kawu yanzu yana da fistula a hannun hagu. Duk lokacin da na je gaishe shi sai ya kamo yatsuna ya ɗora a wurin, in ji jinin na zuu kamar waya a kan baibireshan, ya ce, "Ɗana, ka ji injina." Ni kuwa har yau hoton ledar robar farko ba ya cikin wayata, domin ban ɗauka ba. Idan rana ta zo aka miƙo maka takardar saye, ka ba ta fiye da minti uku.